Man Kaɗanya a Gilashin Maigida

Wautar da na yi a duniya tana da yawa, wasu ma ni da bakina nake ba da labarinsu don a yi dariya. Na taɓa wuni cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don kawai na ƙi in tambayi hanya. Amma akwai guda ɗaya da ban taɓa sakawa cikin hira ba, kuma ita ce uwarsu duka: na shafa man kaɗanya a gilashin motar tsere ranar ruwan sama. Mai motar kuwa shi ne mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a ƙasar Faransa.

Ni dai lakkol, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, na ga ba za mu daidaita da malamin ba, na bar masa kayansa. Wannan rubutun ma da kuke gani, da girmana na ƙarasa koyonsa, saboda haka in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Daga lakkol sai tashar mota. Na yi shekara bakwai ina aparanti, wato yaron mota, a wata kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas. In an tambaye ni cewa nake na yi aikin mota. Gaskiyar ita ce, babban aikina in direba ya taka burki in diro in tokare taya da itace, in ya tashi in cire in bi motar da gudu.

Yadda na zo Paris wani labari ne daban. Abin da ya shafe mu shi ne, ina da kamar shekara arba'in ina gasa masara a Porte de la Chapelle, cikin irin keken nan na kanti. Wata rana tayar keken ta maƙale a bakin titi, na tsaya ina zaginta da Hausa, tun daga ita har wanda ya ƙera ta. Sai na ji wani a bayana ya ce:

"Haba aboki, me taya ta yi maka da sassafe?"

Na waiwaya, sai ga Bature gajere mai tumbi, hannunsa duk baƙin mai. Na ɗauka aljani ne. Ashe makanike ne, ya yi shekara goma sha biyu wajen Tawa yana gyaran motocin masu aikin hanya, can ya kwaso Hausa. Ya durƙusa ya ciro wata waya da ta naɗe a tayar, ya sayi masara biyu, muka yi ta hira har garwashina ya mutu. Da ya ji na yi aikin mota, sai ya ce yana da gareji a Lyon, yana neman mutum. Ban tsaya gyara masa abin da nake nufi da aikin mota ba.

Garejin yana gindin dogayen benayen Les Minguettes, ni kuma na sami ɗaki a hawa na goma sha ɗaya. Maigida nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai aboki. Cikin mako guda ya gane ban san komai ba. Sai kawai ya riƙa cewa, "Zo ka tuna mini yadda ake kwance wannan," ya kwance a gabana a hankali. Da haka na koyi sana'ar da na ci abinci da ita har na tsufa.

Abin da na kawo masa ni kuma shi ne hira. Da azahar ta yi mukan rufe ƙofa, matarsa, wadda muke ce wa Madam, ta kawo kafe da burodi, ni kuma in buɗe baki. Maigida yana da wani rauni: duk abin da aka ce direbobin ƙasarmu sun yi, ya yarda. Ba don shi wawa ne ba. Ya gani da idonsa an toshe tankin mai da sabulu, an cusa ciyawa cikin taya an kai gari, an zuba garin barkono a lagireto ya daina yoyo. To ni sai na riƙa ɗora ƙaryata a kan gaskiyar mutane, tana tafiya lafiya lau.

Cikin labaran nan akwai na ruwan sama. Na ce masa wata damina tsakanin Tanut da Damagaram, abin share gilashinmu ya mutu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni na sauka na haɗa wani magani na shafa wa gilashi, ruwa ya riƙa gudunsa, muka iso gida ba mu ƙara tsayawa ba. Ya ce wane magani ne? Na ce sirrin tasha ne, ba a faɗa.

An yi ruwan, an kuma shafa wani abu. Sai dai lokacin ni ina can baya ƙarƙashin tamfol, a kan buhuna, ina barci. Da muka iso na ji ana zancen. Wani ya ce taba direba ya goga, wani ya ce albasa. Iyakar ilimina ke nan.

A ƙuryar garejin akwai wata 'yar shuɗiyar mota da ake lulluɓewa. Ita ce motar tseren Maigida. Ba irin tseren talabijin ba ne, na masu sha'awa ne, masu gidan burodi da masu cire haƙori da masu gareji irinsa, sau uku ko huɗu a shekara. Ya fitar da duk abin da ke da nauyi a cikinta, kujeru in ban da tasa, shimfiɗa, har abin ɗumama mota. Abin share gilashi ma ɗaya ya bari. Ya fi shekara ashirin yana wannan abu, bai taɓa shiga cikin ukun farko ba, saboda injin wasu ya fi nasa ƙarfi. Amma yakan ce in ƙasa ta jiƙe ƙarfin inji ba ya aiki, hannu ke aiki, shi kuwa a laka ya koyi tuƙi.

Madam ta daɗe da yanke hukunci cewa shekarar da ya cika sittin zai daina. Shekarar ta zo, saura tsere ɗaya, a wani fili kudu da Paris. Ana saura kwana kaɗan, muna ƙarƙashin wata mota mu biyu, ya ce mini a hankali, da Hausa don kada Madam ta ji:

"Aboki, likita ya ce yanar ido ta fara fito mini a na hagu. Ya ce kaɗan ce, ba ta kai a damu ba."

"To ai shi ke nan, Maigida."

"Ban sani ba ko shi ke nan ne. Wannan tseren zai gaya mini. In na gani da kyau, zan durƙusa wa Madam ta ƙara mini shekara biyu. In ban gani ba, na haƙura."

Muka ɗora motar a tirela muka kama hanyar Paris ranar Juma'a, har da Madam. Tun a hanya rediyo ke cewa za a yi ruwa ranar Lahadi. Maigida ya bugi sitiyari don murna, ya juyo ya ce, "In ya sauko, sai maganinka." Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Allah ya ba ni ƙofar fita, ni na ƙi bi. Ranar Asabar na tafi unguwar Belleville cikin Paris in gai da wani dattijo ɗan ƙasarmu, Alhaji, wanda ya yi shekara talatin yana jan manyan motoci kafin ya koma direban wani ofishin jakadanci. In akwai mai sanin maganin nan a duk Faransa, shi ne. Muka gaisa, ya tambayi Lyon da sanyi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo shinkafa da miyar gyaɗa. Na yi ta juya maganar a bakina, can na ce:

"Alhaji, wai abin nan da ake shafa wa gilashi da damina..."

Ya ajiye cokali. "A'a! Yau sarkin baki ne ke tambaya? Kai da na ji an ce a Lyon har Turawa kake koya wa kanikanci? Ku zo ku ji, ɗan Damagaram ya zo ɗaukar karatu!"

Mutum uku da ke teburin suka fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na ce, "Haba Alhaji, gwada ka nake in ga ko tsufa ya sa ka manta." Ya ce in ci abinci in bar shi da iya shege. Na ci, na tashi, ban san komai ba kamar yadda na zo.

Lahadi ta waye da ruwa, irin na ƙasar nan, siriri, ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Da safe aka ba su dama su zagaya don gwaji. Maigida ya dawo fuskarsa kamar ta ango, ya ce motar tana jin maganarsa, amma gani ne matsala. Shi ya fahimtar da ni abin da ban sani ba. Ya ce ruwan da ke saukowa daga sama ba shi ne abin tsoro ba. Wanda tayoyin na gabanka suke kwasowa daga ƙasa suna watso maka, shi ne bala'i. Mota ashirin in suka taso tare, sai ruwan ya tashi ya tsaya a iska kamar farin hayaƙi, musamman inda itatuwa suka rufe hanya. Na farko kaɗai ke ganin titi. Sauran kowa 'yar jar fitilar bayan na gabansa yake bi. In ta ɓace maka, sai ka kasa kunne ga kukan injin wasu, kana ƙirga a zuciyarka inda kwana take. Kuma ruwan ba tsarkakakke ba ne, haɗe yake da mai da baƙin taya.

"Abin sharewa ɗaya ba ya isa," in ji shi. "Aboki, lokacin maganinka ya yi."

Kalma uku ce kawai: ban san shi ba. To huɗu. Na sha ƙirga su daga baya. Da na faɗe su, da ya yi dariya ya zage ni, ya wanke gilashinsa da ruwan sabulu kamar kowa. Amma ga Madam tsaye da lema tana kallona, ga wani mai gidan burodi da ke kusa da mu, wanda Maigida ya riga ya gaya wa yana da mutumin da ya san sirrin direbobin Sahara. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ba a yin sa a gaban mutane."

Maigida ya ɗaga hannu biyu, ya ja Madam suka tafi shan kafe. Ya san ƙasarmu, ya san akwai abin da ba a yi a gaban mutane.

Na je wurin mai soya tsiran Larabawa na roƙi rabin albasa. Na fasa sigari biyu na jiƙa tabar. Na goga albasa, na goga taba, na ɗebo ruwa a kwalba na zuba. Ruwan ya kwanta a gilashi ya shimfiɗe kamar ba a yi komai ba. Na sake, haka. Na sa hannu a aljihu neman ƙyalle, sai na taɓa 'yar gwangwanin man kaɗanyar da nake shafa wa hannuna saboda faso. Na ce a raina, ai mai da ruwa ba sa shiri, wannan ko jahili ya sani. To jahilin ne kuwa ya sani.

Na lakato kaɗan na shafa, na murje da gefen rigata har gilashin ya yi ƙyalli, ba ka ganin komai a kansa. Na zuba ruwa. Wallahi abin sha'awa. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara da gudu kamar 'yan tsakin zabi. Ni kaina a lokacin na yarda da kaina. Har na fara tunanin watakila ma abin da direbanmu ya shafa ke nan.

Na kira Maigida na zuba a gabansa. Warin albasa ya rufe komai. Ya ce, "Masha Allahu!" ya kira mai burodi ya zo ya gani. Mai burodi ya ce a shafa masa shi ma, Maigida ya ce ko kusa. Babu wanda ya kunna abin sharewa, don ga ruwa yana gudu da kansa, me za a share?

A jerin motocin, Maigida na shida ya tashi. Ni da Madam muna bakin katanga. Da aka sake su, ƙara ta cika wurin, suka shige cikin farin hayaƙin nan, ban ga ko launin mota ɗaya ba. Da suka zagayo na farko, sai ga shuɗiyar mota ta huɗu. Madam, wadda ta ce ta tsani abin nan, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Ni kuwa ina ta tsalle ina cewa magani ne, magani ne.

Zagaye na biyu ya zo na tara. Na uku, muka jira, muka jira, motoci suka wuce, sannan ga shi can a baya, ya karkato kansa wajen tagar gefe kamar mai leƙen maƙwabta. Bai ƙara zagaye ba. Ya shigo a hankali ya tsaya a gabanmu ya kashe inji.

Ya cire hular kwano, ya zauna bai fito ba. Da Faransanci ya yi magana, abin da ba ya yi da ni.

"Ban ga komai ba. Jar fitilar ma ta bazu, ta zama uku, ta zama huɗu. Mai burodi ya juya a tsakiyar hanya, sai da na wuce shi na san yana wurin. Saura kaɗan in kashe mutum."

Madam ta fito da shi, ta sa shi ƙarƙashin lema suka tafi rumfa. Ni na zauna a kujerarsa, tana da ɗumi har lokacin, na duba gaba. Duk inda abin sharewa ya bi, ya ja man ya shimfiɗa shi, ya dama shi da dattin hanya. Gilashin ya yi fari kamar an watsa masa nono an goge da hannu. Mutumin da ke tsaye taku biyar a gabana, inuwarsa kawai nake gani. Da wannan Maigida ya yi zagaye uku a guje.

Abin da na yi bayan nan shi ne ainihin laifin. Man kaɗanya wauta ce, wannan kuwa da hankalina na yi. Na ɗauko tsumma na jiƙa da isans, wato fetur, na wanke gilashin tas, na goge robar abin sharewa, na bi da ruwan sabulu. Aikin ya yi kyau, Maigida ne ya koya mini.

Da ya dawo, kai tsaye wurin motar ya nufa. Makanike ne, dole ya duba. Ya zauna, ya ce in zuba ruwa, ya kunna abin sharewa. Ya share tsaf, har ana ganin ganyen itatuwan can nesa. Ya rufe idon dama ya duba, ya rufe na hagu ya duba. Ya daɗe yana haka. Sannan ya kashe, ya ce mu ɗora mota.

Bayan kwana biyu na kira Alhaji daga akwatin waya na gindin benenmu. Muka gaisa a gurguje, na ce wani abokina ne yake tambaya game da abin shafa wa gilashi.

"Taba ce," in ji shi. "Amma sai in abin sharewa ya mutu ɗungum, kana tafiya kamar jaki, ba kowa a gabanka. Dabarar kai wa gari ce, ba ta gudu ba."

"In an sa mai fa? Kamar man kaɗanya?"

"Mai? A gilashi? Ai da abin sharewa ya taɓa shi ka makance. Wane dabba ne ya yi wannan?"

"Wani ɗan Maraɗi ne, Alhaji, ba ka san shi ba."

Na yi niyyar faɗa wa Maigida. Na sa ranar Litinin, Litinin ta zo da aiki da yawa. Na sa ranar da Madam ba ta nan, ranar ta zo, muka zauna mu biyu da kafe, ya ce in ba shi labari ko ransa ya yi sanyi, sai na ba shi na raƙumin da ya hau kamiyo. Ba tsoron kora nake ba, na san ba zai kore ni ba. Abin da na kasa ɗauka shi ne in zauna gobe da azahar in buɗe baki, ya dube ni ya san ko wane ne ni.

Shi kuwa ya gaya wa Madam zancen idon, ta yi kuka, ta yi masa faɗan ɓoyewa. Ya daina tuƙi in ana ruwa, ko da motar gareji ce zuwa sayen kaya. Sai ya miƙo mini makulli ya zauna a gefe. Ni da na makantar da shi na zama idonsa, ina karɓar godiya. Sai bayan shekara huɗu aka yi masa aikin yanar, likita ma ya ce ba gaggawa. Lokacin ya sayar da garejin, ni na koma Paris, kuma ba wanda ya ƙara zancen tsere. Ya rasu ina can. Madam ta aiko mini da kati, na kai wa Alhaji ya karanta mini, don rubutunta irin mai haɗe-haɗen nan ne.

Shuɗiyar motar ba ta kai ƙarshen wannan shekarar a garejin ba. Wani mai gyaran famfo ne ya saye ta, ya zo da tirela wata Asabar da hantsi. Ni na tura ta da kafaɗata, Maigida yana riƙe da sitiyari ta taga. Da aka ɗaure ta, ya zagaya ya goge gilashin da hannun rigarsa, ko da yake ba datti. Muka tsaya bakin ƙofa har tirelar ta sha kwana wajen benaye. Sai ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa:

"Kada ka damu, aboki, kai ka yi naka. Mutumin da ko da maganinka bai gani ba, ai idonsa ne ya tafi."